Kada ku jira sai an zo an ba ku haƙuri

Akwai gabar da ake yi da hayaniya, akwai kuma wadda ake yi da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ta biyun ce ta cinye mini shekaru, a kanta nake so in ja muku kunne, ku matasan da kuke tasowa yanzu.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena ya sayar da wani filin gado a bayan Wusasa ba da sanina ba, ya zuba kuɗin a sana'ar hatsi, jarin ya karye. Ban zage shi ba, ban kai shi ƙara ba. Na ce na bar wa Allah, mutane suka yi ta yaba haƙurina, ni kuwa ina jin daɗin yabon. Amma ƙafata ta ɗauke daga gidansa. In muka haɗu a Sabon Gari ya ce, "Yaya, ina wuni," sai in jefa masa "lafiya" in ƙara gaba. Ran Lahadi mu karanta Addu'ar Ubangiji tare, muna roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, mu durƙusa mu karɓi Jibin Ubangiji, a tashi kowa ya bi ƙofarsa.

Abin mamaki, yafe wa bare bai taɓa yi mini wuya haka ba. Mu da muka ga watan Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya watsu aka ƙona majami'u da yawa a Zariya, mun sha tsayawa muna wa matasa gargaɗi kada su rama. Mun kuma iya alfahari da Gowon, tsohon shugaban ƙasa wanda ya tashi a Wusasa, yadda ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Duk wannan yana bakina, ga ɗan'uwana ciki ɗaya na kasa gaishe shi.

Ranar wata Kirsimeti ce mahaifiyarmu ta kama ni. Tana zaune a kan tabarma tana kallon yara suna fita da kwanukan shinkafa zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda aka saba. Ta ƙirga su da ido, ta ce, "Ina na ɗan'uwanka?" Na ce, "Mama, ai shi ya yi laifi, shi zai zo." Ta ce, "Da Allah ya jira ka zo tukuna, da kana ina?"

Nan ne na yi kuskure, kuma a kan wannan ne bangaskiyarmu ta kafu. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Wanda aka yi wa laifin shi ya fara tako. Ku duba misalin bawan nan a Matiyu 18: sarki ya yafe masa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Dinari ladan yini ɗaya ne na ɗan ƙodago, talanti kuwa kimanin dinari 6,000 ne. Ba a ce dinari 100 ba kuɗi ba ne, aikin sama da wata uku ne, rashinsa da ciwo. An dai ajiye shi ne kusa da bashin da ba mai iya biya.

To in za ku je wurin wanda ya yi muku laifi, ku je ku kaɗai. Kada ku kwashi dattawa da fasto tun farko, sai abin ya koma zaman shari'a. Kada kuma ku sa rai zai faɗi yana kuka. Ni na tarar da ƙanena yana ɗinke bakin buhun masara, bai ko ajiye basillar ba ya ce ai shi ma yana da gado a filin. Zuciyata ta taso, saura kaɗan in juya. Na zauna a kan benci na tambaye shi yara.

Zuciya ba ta saurin bin baki. Za ka ce ka yafe yau, jibi ka wuce wurin filin ka ga an kai gini linta, abin ya dawo sabo. Ba munafunci ba ne, sai ka sake yafewa. Ina ganin shi ya sa da Bitrus ya kawo lissafin yafe wa ɗan'uwa sau bakwai, Yesu ya ninka masa shi har ƙirga ta ɓace. Abu ɗaya da ke hannunka shi ne ka daina ba da labarin, musamman a wurin addu'a, inda wasunmu suka ƙware wajen tona asirin mutum da sunan a sa shi a addu'a.

Yafiya kuma ba ta hana hankali. Sauran gonar da ta rage mun raba ta a gaban shaidu, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Ƙanena ya ɗan ɓata rai da maganar takardar, har yanzu yakan yi mini gugar zana a kanta, ni kuma ban janye ba.