Sauya wayar layin kilobolt 110 a unguwannin gefen Jidda

Layin wutar lantarkin da muka yi aiki a kansa a fili aka kafa shi, yau gidaje sun zagaye shi ta kowane ɓangare. Babu wurin kafa sababbin turaku, binne kebul a ƙasa kuwa kuɗinsa ya ninka na waya ta sama sau da yawa. Sai muka bar turakun ƙarfen yadda suke, muka sauke tsohuwar waya ta ACSR, wato ta alminiyam mai zuciyar ƙarfe, muka ɗora ACCC, ita ma ta alminiyam amma mai zuciyar kabon. Tsohuwar idan zafinta ya haura digiri 90 a ma'aunin Selshiyos sai ta yi ciki ta sauko kusa da rufin mutane. Sabuwar tana jure har digiri 180 ba tare da ta sauko sosai ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake samun izinin kashe layi. Da bazara kowane gida na'urar sanyaya ɗaki na aiki, ba wanda zai saurare ka.

Kafin a taɓa waya mun bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Iskar Bahar Maliya gishiri gare ta, tana cin noti da gindin ƙarfe. Waɗanda ke bakin kwari mun tone tushensu mun duba, domin tun ambaliyar Nuwamba 2009 ba a wasa da hanyar ruwa a Jidda. Insuletocin tangaran kuma, masu riƙe waya su hana wuta shiga turken, muka maye gurbinsu da na silikon, saboda ƙura da gishiri da raɓar asuba idan suka haɗu a jikin tangaran wuta tsallakewa take yi.

Tsohuwar wayar ce ke jawo sabuwa, injin ja a wannan ƙarshe, injin riƙewa a wancan. A nan aka fi samun matsala. Tsofaffin mahaɗan waya ba sa jure bi ta kan tayar ja, wato tayar da ake ratayawa a turke waya ta bi ta kanta, suna iya tsinkewa a saman titi. Sai an yanke kowanne an haɗa da ragar ƙarfe mai damƙe waya. Zuciyar kabon ita ma ba ta son lanƙwasa mai tsanani, tana karyewa daga ciki alhali waje lafiya lau, don haka manyan tayoyi muka rataya, musamman a turakun kwana.

Turakun layi biyu suke ɗauka, ɗaya a kashe, ɗaya da wuta. Wanda aka kashe ɗin yana ɗibar wuta daga maƙwabcinsa, wadda ta isa ta halaka mutum. Kowane wurin aiki sai an haɗa waya da ƙasa gaba da baya, har da injinan kansu.

A kan tituna da gidaje mun kafa katangar bututu da raga don tare waya idan ta faɗo. Sanarwa kuwa ta bakin limamai da umda, wato mai unguwa, ta fi takarda isa, da Larabci da Hausa inda 'yan uwanmu suka fi yawa. Lokacin tashin 'yan makaranta da lokutan salla tsayar da ja muke yi.