Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da na "gano" waƙar da ta shekara ɗari takwas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda aka amince da taken bincikena na digiri na biyu, aka ba ni takardar izinin shiga ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen hannu. To yau kunyar da na sha a hannun sufabaizana zan ba ku labari, wadda har gobe in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar farko Baba mai kula da ɗakin ya karɓe birona tun daga bakin ƙofa, ya miƙo min fensir, ya ce in je in wanke hannu in shanya, kuma in ya ga na lashi yatsa don buɗe shafi to ranar ce ta ƙarshe. Ni da na zata littattafai zan gani ɗinkakku a jere, sai ga shi ya kwance wata gafaka ya zaro tadarishi ɗaure da igiyar fata, ciki warƙoƙi ne warwatse ba ɗinki ba lambar shafi, gara ta ci gefen wasu, wasu ruwa ya taɓa su tawadar ta yi jirwaye. Abin da kawai ke nuna maka jerinsu shi ne wata kalma guda da mai kwafa yake rubutawa a can ƙasan shafi, ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. In ka yi wasa iska ta hargitsa maka su, to ka samu aikin yini.

Sati biyu na yi ina dambe da rubutun kawai. Ni a Islamiyya na taso, da bugun Hafsu idona ya saba, nan kuwa hannun Warash ne, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, sai in ta karanta ƙaf a matsayin fa ina mamakin wace irin Hausa ce wannan. Baba yana kallona yana murmushi, bai taɓa ce min uffan ba sai na tambaya.

A sati na uku na ci karo da ita. Waƙar wa'azi ce ta ajami, warƙa tara, ba sunan mawallafi, tana maganar mutuwa da kwanciyar kabari, wasullan da jar tawada, hannun mai kyau kamar zayyana. A baitocin ƙarshe mawaƙin ya yi addu'a ga "Shehunmu", sannan ya ce ramzin shekarar waƙar shi ne sharafu. Ga wanda bai sani ba, ramzi wata kalma ce da malamai ke ƙullawa, kowane harafi yana da adadinsa, in ka tara sai shekarar hijira ta fito, kuma wasali ba ya cikin lissafi. Haruffa uku ne a nan, shin da ra da fa. Na ɗauko jadawalin abajada da na kwafa daga wani littafi bugun Masar, shin 300, ra 200, fa 80. Jimla 580. Na juya ta zuwa miladiyya ta ba ni wajen 1184.

Kai jama'a! Hannuna har rawa yake. Na tuna Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a 1166, na ce shikenan ai shi ne Shehun da ake nufi, komai ya zauna daram. Daren nan ban runtsa ba, na riga na ga sunana a jarida, na ga ana kirana taro a Ingila, har na fara tsara yadda zan yi wa 'yan ajinmu magana in na zama babban mutum. Shafi huɗu na rubuta kafin asuba, ban gaya wa Baba ba don kar labari ya fita wani ya riga ni, ku ji fa rashin kunya.

Da safe na tari Malam, wato sufabaizana, a ofis na ce, Allah gafarta Malam, na samo waƙar Hausa ta ƙarni na 12. Ya cire tabarau ya kalle ni ya daɗe, ya ce, to ɗana, wato waƙarka ta riga Wangarawa isowa Kano kenan, tunda su sai zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Tashi mu je in gaisa da ita.

Da muka shiga bai ma karanta ba tukuna. Ya ɗauki warƙa ɗaya da hannu biyu ya ɗaga ta saitin taga ya ce zo ka duba. A cikin jikin takardar, ba a kanta ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Ya ɗaga wata sai ga haruffan boko biyu, A da G. Ya ce wannan tambarin masana'anta ne, ana saƙa shi da waya a jikin rariyar da ake tace takarda, wurin sai ya fi sirara haske ya riƙa ratsawa. Mai wata ukun nan Turawan Italiya suka riƙa yi don kasuwar ƙasashen Musulmi, AG kuma Andrea Galvani ne na garin Pordenone, takardarsu ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuma, kuma ita ta cika hannun malamanmu a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Ya ƙara da cewa ita kanta dabarar sa tambari a takarda a garin Fabriano na Italiya aka fara ta wajen ƙarshen ƙarni na 13, kusan shekara ɗari bayan shekarar da nake iƙirari.

Ni kuma taurin kai bai bar ni ba. Na ce ai Malam wannan kwafi ne, asalin waƙar ce tsohuwa. Ga mamakina ya ce wannan magana ce ta mai bincike, shekarar da aka yi waƙa daban, shekarar da aka kwafe ta daban, ramzi na mawaƙi ne takarda ta mai kwafa ce, ka riƙe wannan. Har na fara jin sanyi a raina sai ya ce, to karanto min abajadarka.

Na fara, abajada hawaza, ina zuwa ƙarshe ya ɗaga hannu. Ya ce wannan ta mutanen gabas ce. Malaman ƙasar nan da na Barno da na Tumbuktu lissafin Magrib suke bi, haruffa shida ne suka saɓa, a wurinsu sad 60 ne, lad 90, sin 300, zadi 800, gain 900, shin kuwa ita ce ta ƙarshe, 1000. Sake tarawa. Na tara da fensirin Baba, 1000 da 200 da 80, ya ba ni 1280, wato 1863 zuwa 1864. Shekara ɗari bakwai cif na ƙara wa baiwar Allah. Shehun kuma ba sai an faɗa min ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne da ya rasu a 1817. Malam ya ce duk ramzin da ka ga ya fara da shin da ra, ka san kana cikin shekarun 1200 na hijira, almajirin da ya yi zaure ma ya san wannan. Baba da ke gefe ya kasa daurewa, dariya yake har da riƙe ciki, ya ce da ka tambaye ni ai da ban bari ka kai kanka ba.

Abin da ya fi min ciwo ba dariyar ba ce, kallon da na koma yi wa waƙar ne, sai na ji ta fita raina kamar ita ta yaudare ni. Malam ya lura. Ya ce waƙar 1280 ba abin rainawa ba ce, wa ya yi ta, a ina, wa ya kwafe ta, kwafi nawa ne suka rage, ina suka saɓa da juna, ko ɗaya ba ka amsa ba kana neman zuwa Ingila. Wallahi ban san yadda aka yi ya san da maganar Ingila ba.

Kafin ya fita ya sa ni na bi kalmomin ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Daga warƙa ta ɗaya zuwa ta shida lafiya lau, amma kalmar da ke ƙasan ta shida ba ita ce ta buɗe ta bakwai ba. Wato akwai warƙar da ta ɓace a tsakani, ni kuma sati guda ina karantawa ban ma ji maganar ta yanke ba. Ya ce sai ka nemo wani kwafin ka cike giɓin, ka fara da Gidan Arewa a Kaduna da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke can, in ba a dace ba ka wuce Sakkwato ɗakin tarihi na Waziri Junaidu. Shafuka huɗun da na kwana ina rubutawa kuwa ya ninke su ya sa a aljihu, ya ce zai ajiye min sai ranar da na kare kundina.

Yadda tafiyar Kaduna ta kasance, da abin da na tarar a gefen wani kwafi wanda ya sa na kira Malam ƙarfe goma na dare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.