Yadda Na Samu Shaidar Nutso a Bahar Maliya

Na tashi a Katsina, inda ruwa mafi girma da na saba gani shi ne na dam ɗin Ajiwa, shi ya sa da na gaya wa Hajiyarmu cewa zan koyi nutso a teku idan na je Masar, sai ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta sa mini albarka.

A garin Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya na yi kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da horo da shaidar nutso da tukunyar iskar shaƙa: karatu da jarrabawa, atisaye a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a cikin teku. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, in mayar da shi, in kuma fitar da ruwan da ya shiga ta hanyar hura iska ta hanci. Sau biyu tsoro yana kama ni, malamin yana riƙe hannuna har numfashina ya daidaita. Ya sha nanata mana cewa kada mu kuskura mu riƙe numfashi, domin a zurfin mita 10 matsin ya ninka na saman ruwa, kuma iskar da ke cikin huhu tana kumbura yayin da mutum yake tasowa.

A nutso na ƙarshe mun kai mita 18, iyakar da wannan shaida ta yarje. Na ga murjani da garken kifaye masu launi iri-iri, na yi ta tasbihi a zuciyata. Bayan na karɓi shaidar, sai da na jira fiye da awa 18 kafin in hau jirgin dawowa gida, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.