Garkar bayan gida da sana'ar shanya a Tahoua

A Tahoua noman tumatir ba wuya, matuƙar kana da ruwa. Wuyar tana wajen saidawa. Kowa na dasawa ne da shigowar sanyi, wajen Nuwamba, don haka kowa na tsinka a lokaci guda. Daga Fabrairu zuwa Maris kasuwa kan cika, ga namu na gari, ga na Tabalak da na kwarin Maggia, har mai garka ya rasa mai taya masa kwando. Damina na sauka, tumatir ya zama abin nema. Tsakanin wannan arha da wannan tsada nake cin abincina.

Garkata a bayan gida take. Akwai fangalin tumatir, kuɓewa, tattasai da yakuwa, zogale kuma ya zagaye katanga. Takin tumakina nake zubawa, amma sai ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙona shuka yake. Ƙwari kuwa, ƴaƴan dogon yaro muke dakawa mu jiƙa su kwana, mu tace mu fesa da marece. Abin da garkar ke bayarwa ba ya isar masu sayena, sai in ƙara da na maƙwabta a lokacin arha.

Kauɗa ce uwar sana'ar. Tumatir kusan duk ruwa ne, ya haura kashi 90 cikin 100, shi ya sa kilo 10 na ɗanye ba ya cika kilo guda idan ya bushe. Irin Roma nake so, mai tsoka, ba mai ruwa tsululu ba. A wanke, a tsaga biyu, a barbaɗa ɗan gishiri, a jera shi cikinsa yana kallon rana. A ƙauyuka da yawa a ƙasa ake shanyawa, shi ya sa matan birni ke ƙorafin tsakuwa a miya. Mu kan gadon raga muke shanya namu, sama da ƙasa, mu lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Wannan kaɗai ya sa nawa ya fi na kasuwa kuɗi, kuma ana saye. Wata tsohuwa cikin masu taya ni aiki takan ce, “Ɗiyata, in kin lanƙwasa shi ya yi danƙo, bai kai ba, mayar.” Gaskiyarta, wanda aka ɗaure da sauran laima fumfuna yake yi tun kafin Agusta.

Ganye kuma ba a ba shi rana. Zogale da yakuwa a inuwa suke bushewa, inda iska ke ratsawa, in ba haka ba su koɗe. Kuɓewa tun tana ƙarama ake yankawa.

Albasa zancenta daban. Muna ƙasar albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kodibuwa, amma ni ba na gasa da masu ajiya a rudu, wato rumbun albasa, ba ni da wannan jarin. Ganyen da wasu ke bari a gona nake saye, a daka shi, a cura, a shanya ya zama gabu. Miyar kuka ba gabu, ai sai haƙuri.

Ina kuma dafa markaɗen tumatir in ɗura a kwalaben mayonez da aka tafasa, in rufe, in sake tafasa su cikin tukunya. Da tumatir kawai nake wannan, saboda yana da tsami. Ana yawan roƙona in yi na kuɓewa ko na karoti, ina ƙi, don kayan da ba su da tsami tafasar tukunya ba ta kashe ƙwayar cutar da ke iya tsira a rufaffiyar kwalba, kuma gubarta kisa take.

Yanzu rabin cinikina ta WhatsApp yake, ina ba motocin Yamai saƙo. Abin da ke gabana shi ne na'urar shanya mai rufin leda, don in iya aiki ko da hadari ya taso.