Abin da aiki da kifin ado ke koyarwa game da hakiya a idon kifi

Darasi na farko, wanda masu kiwon kifin ado a tankin gilashi ba sa son ji, shi ne yawancin farin da ke rufe idon kifi daga ruwa yake. Mutum ya ga ido ya yi hazo sai ya ruga shagon maganin dabbobi, alhali tun da ya sayi tankin bai taɓa gwada ruwansa ba.

A fara da ƙirga ido. In ido ɗaya ne a kifi ɗaya, galibi rauni ne: ya gogi dutse, ko wani ya cije shi, ko raga ta karce shi wajen kamu. In ido biyu ne, ko kifaye da dama a lokaci guda, ruwa ne. Sai a haska tocila daga gefe. Farin da ke saman ido kamar yana yakan warke. Wanda ke can ciki a tsakiyar ƙwayar ido da wuya ya tafi.

A sayi kayan gwajin ruwa. Amoniya da nitrait, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, su kasance sifili, nitrat, wanda suke rikiɗewa su zama, ƙasa da miligiram 40 a lita. A Birnin Kebbi da Argungu abin ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma gubar amoniya na ƙaruwa da zafi. Ga ɗauke wuta. In injin tacewa ya tsaya na sa'o'i masu yawa, ƙwayoyin halittar da ke cikin soson injin masu cinye amoniya sukan mutu, wuta na dawowa sai injin ya watso ƙazanta cikin tanki. Sosan nan ba a wanke shi da ruwan famfo. A matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Magani na farko canjin ruwa ne: kashi 30 cikin 100 kullum, kwana biyar zuwa bakwai, a rage abinci zuwa rabi, a zuƙe kashin da ke ƙasa da tiyo. Ruwan famfo ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don kulorin ya fita. Ruwan burtsatse ma haka, domin yakan fito da iskar da ta yi masa yawa, wadda kan taru ta zama ƙananan kumfa a idon kifi.

Sai gishiri, giram 1 a kowace lita, a ƙara zuwa 2 ko 3 sannu a hankali. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, wato gishiri giram 54, kusan cokali uku na cin abinci, shafaffu. A narkar da shi a kofi tukuna. Kurungu ba ya jure gishiri kamar karfasa, a ba shi rabin awo. Gishiri ba ya tafiya da tururi, don haka na ruwan da aka zubar kawai ake mayarwa. Kada a kuskura a sa kanwa: tana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, amoniya ta ƙara dafi.

In mako ya cika ido na kumbura, ga ja a gindin fiffike, kifi ya daina ci, to ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas sun shiga. A ware shi a wani mazubi, a nemi likitan dabbobi ya ba da awon maganin. Oxytetracycline, maganin ƙwayoyin cuta, in an zuba shi a babban tanki yana kashe ƙwayoyin soso masu cinye amoniya, kuma ruwa mai yawan kalsiyam na rage masa ƙarfi.

Kifin da aka samo daga kogi a Yauri ko madatsar Bakolori yana iya zuwa da tsutsar ido, Diplostomum, wadda ke zagayawa tsakanin katantanwa, kifi da tsuntsaye masu cin kifi. Praziquantel, maganin da ake ba masu tsargiya, yana kashe ta, amma idon da ta ɓata ba ya dawowa. Irin wannan kifi sai ya yi mako huɗu shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran, kuma duk ciyawar ruwa da aka kawo tare da shi a duba ta ganye-ganye a cire katantanwa.