Na gwada mayar da irin sharar 'yan sama jannati gas a cikin jarka

Ranar da na ji cewa sharar tashar sararin samaniya ta ISS lodawa ake yi a jirgin dakon kaya irin su Cygnus, in ya juyo ƙasa ya ƙone da ita ƙurmus a hanya, abin ya tsaya min a rai sosai. To wanda zai tafi duniyar Mars fa, tafiyar wata shida ko fiye, wa zai kwashe masa bola? Shi ya sa na ɗauki mayar da irin wannan shara gas a matsayin furojet ɗina na ajin ƙarshe.

Jarka mai lita 25 na samu, na ja tiyo daga murfinta zuwa tub ɗin tayar mota. Na zuba ragowar shinkafa da wake, ɓawon ayaba, tishu, sai ɗanyen kashin shanu da na roƙo a kwata tunda ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa su ne ma'aikatan. Kwana goma tub ko motsi bai yi ba. Malamina ya ce "kai dai shafa ruwan omo a mahaɗar ka gani", ina shafawa sai ga kumfa, ashe tuntuni gas ɗin zurarewa yake. Na liƙe da gam.

Sai kuma zumuɗi ya sa na ƙara shinkafa mai yawa lokaci guda, abu ya yi tsami, wari ya canza, gas ya tsaya cak, domin bakteriya masu yin methane, wato gas ɗin da ke kamawa da wuta, ba sa jure tsami, ma'aunin tsami na pH kusa da 7 suke so. Ruwan kanwa ne ya cece ni, kaɗan-kaɗan na dinga zubawa. Ga hunturu ya shigo su kuma ɗumi suke so wajen digiri 35, dole na naɗe jarkar da tsohon bargo ina fito da ita rana. Ranar da na kyasta ashana a bakin tiyo wuta shuɗiya ta kama, wallahi sai da hannuna ya yi rawa.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne wannan: ina kallon kumfa na tasowa sama da kanta sai na gane ƙarfin da duniya ke jawo abubuwa ƙasa da shi ne ke min rabin aikin kyauta. A sararin samaniya kumfa ba ta tasowa, nan cikin ruwan take zama. Shi ya sa na'urar tace fitsari da aka kai ISS a 2008 juyawa take yi da gudu don ta raba tururi da ruwa, kuma sai a 2023 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar sun kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da 'yan sama jannatin ke amfani da shi. A 2010 ma sun kafa na'urar Sabatier, ta haɗa carbon dioxide ɗin numfashinsu da hydrogen ta ba da ruwa da methane, ruwan su riƙe, methane ɗin kuwa su sake shi waje. Wannan ya min ciwo gaskiya, don da methane injin roka na Raptor na kamfanin SpaceX ke tashi.

Yanzu na samo gangar tsohon injin wanki, ita nake so in ɗaura ƙaramar jarka a ciki in juya, in ga ta inda gas ɗin zai taru.