Bulon Mohenjo-daro da bulon ginina

Makon jiya magini ya kira ni, "Alhaji zo ka gani da idonka." Ashe bulon da na siyo karo na biyu bai zo daidai da na farko ba, duka wai inci tara ne amma wani ya ɗara wani, sai ciko ake ta yi da siminti, ga tsadar buhu yanzu. Haushin nan ne ya tuno min da Mohenjo-daro.

Wani tsohon birni ne a lardin Sindh na Pakistan, kusa da Larkana, a gefen kogin Indus. An gina shi wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka watse ƙasa ta rufe shi, sai a 1922 wani jami'in binciken kayan tarihi R. D. Banerji ya fara tono wurin. Yanzu haka hotonsa ne a bayan takardar kuɗi ta rupee 20 ta ƙasar.

To ni bulon ne ya tsaya min a rai. Gasasshe ne, kuma awonsa ɗaya, in kauri ɗaya ne faɗi biyu ne tsawo huɗu, kuma ka je Harappa, wani tsohon birnin mutanen nan, can lardin Punjab ɗaruruwan kilomita tsakani ka tarar da lissafin nan dai bai canza ba. Da shi suka gina rijiyoyi kusan 700 a cikin gari, da shi suka yi kwata mai murfi tana bin layi-layi, ruwan wanka ya fito daga gida ya faɗa ciki ya wuce abinsa. Akwai wani babban kwamin wanka mai tsawon mita 12 da faɗin mita 7, suka shafe shi da kwalta don kar ya yi yoyo, kwalta fa, shekara dubu huɗu da wani abu da suka wuce!

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne duk tonon da aka yi ba a ga fadar sarki ƙarara ba, ba kabarin wani mai mulki cike da zinariya irin na Masar. To wa yake bin masu buga bulo da sanda? Rubutunsu ma yana nan a jikin ƙananan hatimai amma har yau ba wanda ya iya karantawa.

Yanzu gishirin ƙasa ne ke cinye bulon a hankali, ambaliyar 2022 ma ta taɓa wasu bangwayen. Ni dai gobe da tef ɗina zan koma wurin mai bulon nan.